Zogalen Bakin Rijiya

Duk faɗin lambun ƙungiya da ke bakin gulbin Bungudu babu itace ko ɗaya. Baƙo in ya zo yakan yi mamaki. Ga ruwa, ga ƙasa baƙa mai kyau, amma ba mangwaro, ba gwaiba, ba inda mutum zai raɓa in rana ta take sai wata rumfar kara da ake sabuntawa duk shekara. Dalili kuwa shi ne ƙasar ta aro ce. Mai ita Alhaji Ɗantsoho ne, wani dattijo mai fataucin hatsi da ya daɗe da komawa Gusau da zama. Ya ba ƙungiyar aronta a gaban mai unguwa tun Gusau na ƙarƙashin Sakkwato, bai kuma nemi komai ba sai sharaɗi uku. Kada a yi gini. Kada a dasa itace, don a ƙasar nan wanda ya dasa itace a wuri kamar ya ce wurin nasa ne. Sannan kowace rijiya a kewaye ta da busasshen shinge, in kuma wani abu ya faru a lambun, ko dabba ta faɗa ko yaro ya ji ciwo, ƙungiya ce za ta ɗauki nauyin gaba ɗayanta, ba mai ƙasa ba, ba kuma mutum ɗaya ba.

Malam Labbo, shugaban ƙungiyar, shi ya tsaya ya ce ya ji ya ɗauka. Ba a rubuta komai ba. Bakinsa aka riƙe. Shi ya sa duk farkon rani, kafin a sari fangali ko ɗaya, sai ya tara jama'a a rumfa ya maimaita sharuɗɗan nan kamar karatu.

Fatsuma ta ji su ba sau ɗaya ba. Mijinta Dalhatu ne ɗan ƙungiya tun asali. Da Allah Ya yi masa rasuwa a tsakiyar rani, albasarsa ba ta ko fara kai ba, 'yan ƙungiya suka raba ban ruwanta a tsakaninsu har Fatsuma ta fita takaba, suka cire, suka kai kasuwa, suka kawo mata har ɗaki. Daga nan suka ce ta riƙe wurin mijinta ta ci da marayu. Aka mayar mata da rabonta sashen mata, can sama wajen hanyar mota, kuma da yake ita ce mafi kusa da rijiyar sashen, aka ce shingen rijiyar yana wuyanta.

Shingen nan shi ya zame mata ciwon kai. Ƙaya sai an tafi daji mai nisa an saro. In ta sha wahala ta jawo ta kafa, masu neman makamashi su zare rabi, gara ta cinye sauran. A ranin shekarar 1998, wata safiya tana cikin jan guga ta waiwaya, sai ga autarta Rabi'a, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta bi ta wata kafa ta dafa bakin rijiya da hannu biyu tana leƙa ruwa tana dariya. Fatsuma ba ta san lokacin da ta saki guga ta cafko ƙafar yarinyar ba. Ta daɗe zaune a ƙasa rungume da ita, Rabi'a na ta kukan an hana ta wasa.

A ranar ta koma gida ta sassaro rassan zogalen da Dalhatu ya dasa a bayan ɗaki, ɗanyu shar, ta kafa su kewaye da rijiyar, ta ɗaura kara ta waje har ya rufe su.

Ta san zogale. Wa bai san zogale ba? Reshensa ko a kan juji aka jefa sai ya kama, balle a bakin rijiya. Amma ta ce wa ranta na ɗan lokaci ne, da ta sami ƙaya za ta tuge su. Mako mai zuwa. Makon ya zo dashen tumatir ya sha mata kai. Na bayansa Rabi'a ta yi zazzaɓi. Kafin ta farga sandunan sun yi toho, 'yan ganye kore sun fara leƙowa ta saman kara. Sai ta shiga tsinke su kowace safiya kafin mutane su taru, tana ƙunshewa a haɓar zani. Da fari zubarwa take yi a gulbi. Daga baya ta ga asara ce, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, yara suka suɗe kwano.

Maza ba su cika shiga sashen mata ba. Malam Labbo yakan zaga wani lokaci, amma idonsa ya fara yana, daga nesa kara kawai yake gani. Ya ma taɓa tsayawa ya ce, “Madalla, Fatsuma. Bana shingenki ya hi na kowa.” Ta ce, “Na gode, Malam,” ta duƙa tana cire ciyawar da babu ita.

Wadda ta ga zogalen ita ce Huseina, taubashiyarta. Aurenta ne ya mutu a Tsafe ta dawo gida bayan an riga an fara aiki, ƙungiya ta tausaya mata ta yanka mata wuri a can ƙarshe, dab da hanya. Ba ta ji karatun Malam Labbo na farkon rani ba. Ranar da ta leƙa cikin shingen sai ta tafa hannu.

“Ke baiwata! Ashe dukiya kinka ɓoye nan kina ci ke kaɗai? Shi ya sa kumatun ga naki sunka ciko.”

“Rage murya mana, kuyangata.”

“Don mi? Sata kinka yi?”

A nan ne ya kamata Fatsuma ta gaya mata. Maganar ta zo mata har baki. Amma in ta faɗa, ta amsa ke nan cewa ta san abin da ta yi, sai ta yi 'yar dariya ta ce, “Kar awaki su ji.” Huseina ta ƙyalƙyale, ta tsinki nata ta wuce.

Akwai al'adar da ƙungiyar ba ta taɓa fashi ba. In amfanin farko ya nuna, ana cika kwando da kaɗan daga duk abin da ƙasar ta fitar, a kai wa Alhaji Ɗantsoho. Kwandon gaisuwa ake ce masa. Ba biya ba ne, shaida ce cewa masu aro ba su manta mai ƙasa ba, shi ya sa ba a sa komai a ciki sai abin da ya tsiro a wurin. Malam Labbo ke kaiwa, tare da mace ɗaya da za ta gaida mutanen gida, kuma bana layi ya zo kan Fatsuma. Da safen Asabar ɗin da za su tafi, tana can tana neman wanda za ta bar wa Rabi'a, Huseina ce ta shirya kwandon, ta rufe shi da buhu, ta ɗaure.

Saboda wahalar mai, sun daɗe a bakin hanya kafin su sami bas, aka cusa su kamar buhunan gero. Gusau kuwa ta canza wa Fatsuma. Tunda aka yi jiha ko'ina gini ake yi, ga tulin bulo, ga tifofin yashi, 'yan kabu-kabu sai ratsa mutane suke. Gidan Alhaji yana wajen Sabon Gari. Suka same shi a zaure kan buzu, ɗansa Bashar, wanda ke aikin gwamnati, yana zaune kan kujera a gefe da rediyo a hannu. Fatsuma ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe su.

“Labbo, kun zo lahiya? Ina mutanen gulbi?” in ji Alhaji. “Kawo in gani, kawo. Bara tattasanku ya sa ni hawaye, bana ko kun ji tausayina?”

Alhaji yana son ya kwance kwandon da kansa. Ya ɗaga albasa ya jinjina, ya shinshina tumatir, ya ce latas abincin zomaye ne amma a kai wa Hajiya, matarsa. Can ya zaro wani dami da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ya warware. Zogale ne, sabon tsinka, ganyen ko yaushi bai yi ba.

Fatsuma na gani ta gane na rijiyarta ne.

“Kai, Allah shi yi albarka! Wa ya gaya muku ina son kwaɗo?” in ji Alhaji, fuskarsa ta washe.

Bashar ya rage muryar rediyo. “Baba, ba kai ka ce kwandon ga abin da ƙasar ta fitar kaɗai ake sawa ba?”

“Awo.”

“To zogale a fangali yake tsirowa?”

Bashar bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen Malam Labbo cikin ladabi ya ce shi ba rigima yake nema ba, amma ya ga abin da ke faruwa tunda ƙasa ta yi daraja. Mahaifin wani abokin aikinsa ya ba da aron gona, masu aro suka dasa mangwaro, yau ga su a kotu suna cewa ga shaidarsu nan tsaye tana 'ya'ya. Ya ce ya sha roƙon Baba ya ba shi wurin nan ya kafa injin buga bulo, ga yashi kusa ga hanya, amsar Baba kullum ɗaya ce, mutanen nan ba su taɓa saɓa sharaɗi ba, da wane ido zai kore su.

Malam Labbo ya gyara zama. “Alhaji, ina jin matan ne sunka ƙaro daga gida don su kyauta maka. Amma wallahi tallahi babu icce ko ɗaya a ƙasarka. Ni nake zaga ta da ƙafata.” Ya waiwayo bakin ƙofa. “Ko ba haka ba, Fatsuma?”

Ga idon Alhaji, ga na Bashar, ga idon Malam Labbo mai yana, duk a kanta.

“Haka ne, Malam,” ta ce.

“To shi ke nan,” in ji Alhaji. “Labbo ya rantse, magana ta ƙare.”

Bashar ya ce haka ne, amma tunda ya daɗe bai ga wurin ba, Asabar mai zuwa zai biyo ya gaida jama'a.

Abin da Hajiya ta ce mata a cikin gida, da abin da ta amsa, Fatsuma ba ta riƙe ko ɗaya ba. A tasha Malam Labbo ya sayi rake ya karya ya miƙa mata rabi, ya ce ta kai wa Rabi'a. Yana ta hira a mota, wai yaran zamani ba su yarda da kowa ba, wai bari Bashar ya zo ya gani da idonsa ya huta. Fatsuma ta riƙe raken a cinya har Bungudu. Ji take kamar garwashi aka ɗora mata.

Ba ta biya gida ba, lambu ta wuce. Huseina na bakin rijiya tana wanke ƙafa.

“A'a, mutanen birni! Ina tsarabata, baiwata? Alhaji ya ga zogalena? Na san tsofaffi da kwaɗo.”

“Huseina, kin kashe mu.” Sai kuma ta girgiza kai. “A'a. Ni na kashe mu.”

Ta zauna a kan bakin fangali ta gaya mata komai, sharaɗin itace, maganar Bashar, rantsuwar Malam. Huseina ta saki baki.

“Kuma kin sani tun ranar da na tambaye ki?”

“Na sani.”

“Kinka ce mini awaki.”

Huseina ta dube ta, ta dubi shingen, sannan ta ɗaure zaninta tamau.

“To zama bai gan mu ba. Tashi mu tuge su. Kafin Asabar mun cike ramu mun kafa ƙaya, ɗan boko shi zo shi ga kara shi koma. Wa zai sani?”

Suka kwance karan. A ciki zogalen ya yi kauri kamar damtsen yaro, jere gwanin kyau. Suka kama na farko su biyu suka jijjiga, suka ja, da kyar ya fito, saiwarsa fara mai kauri kamar rogo. Na biyu ya karye ya bar rabin saiwa a ƙasa. Suna kan na uku Fatsuma ta ɗaga kai, ta hango Malam Labbo can ƙasa wajen gulbi. Ko hutawa bai yi ba, ya tuɓe riga ya kama jigo, yana ɗebo ruwa yana juyewa a fangalin wani ɗan ƙungiya da ke kwance ba lafiya. Asabar mai zuwa wannan tsohon zai tsaya gaban Bashar, ya nuna masa shinge, ya ce ka gani, ban gaya maka ba? Kuma ita za ta tsaya a bayansa ta sake cewa haka ne.

Ta saki itacen.

“Ina za ki? Ke Fatsuma! Kar ki yi mana hauka!”

Ta ratsa albasa da tumatir har ta isa. Ta durƙusa a cikin laka.

“Malam, akwai icce.”

Bai daina jan jigon ba. “Ina?”

“Rijiyarmu. Shingen da ka yaba. Zogale ne a ciki, ni na kafa, ya kama.”

Gugan ya taso cike. Malam Labbo ya riƙe shi a sama, ruwa na zuba ta gefe, ya daɗe bai juye ba.

“Tun yaushe?”

“Tun farkon rani. Rabi'a ce ta kusa faɗawa.”

“Da kin zo kin ce ƙaya ta gagare ki, da mun yi gayya rana ɗaya mun kafa miki. Don mi anka yi ƙungiya?” Ya juye ruwan a hankali. “Kina bakin ƙofa na kama sunan Allah. Na juyo na tambaye ki.”

Da zaginta ya yi da ta fi jin sauƙi. Ya ɗauki rigarsa ya bi ta har rijiyar, ya duƙa ya shafa ganyen da hannu, ya shafa ramukan da suka tuge. Huseina ta yi ta magana, ta ce ai ba wanda ya gani, ta ce ita ta sa a kwando ita za ta ce daga gidansu ta tsinko, ta ce Malam ka dubi marayu.

“Ku bar sauran yadda suke,” ya ce. “Waɗanda kunka tuge ku aje su nan gefe. A mayar da kara kar wani yaro shi faɗa. Gobe zan koma Gusau.”

“Malam, gidaje nawa ke ci a wurin ga? Duk ka sayar da mu don zogale?”

“Huseina, ba takarda Alhaji ya riƙe ba, bakina ya riƙe. In na rufe wanga rami da ƙasa, baɗi in na ce mashi babu icce, mi maganata ta zama?”

Makon nan ya yi wa Fatsuma tsawo. Labari ya zaga lambu tun kafin Malam ya dawo daga Gusau. Ba wanda ya tare ta da magana. Ana gaishe ta kamar kullum, sai dai hira takan mutu in ta iso rumfa. Maza suka tafi daji suka jawo ƙaya da amalanke suka tara a gefen rijiya, ba su ko dube ta ba. Ta ji an ce liman ya gaya wa Malam Labbo wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani gaskiya ne babu komai a kansa. Duk da haka ta lura ya daina tsayawa hira in an idar da aiki, kuma bai ƙara zagowa sashen mata ba. Raken da ya ba ta yana nan kan randa ya bushe. Ta kasa ba Rabi'a, ta kasa jefarwa.

Ran Asabar da hantsi mota ta tsaya a bakin hanya. Ba Bashar kaɗai ba ne, har da Alhaji Ɗantsoho yana dogara sanda, da mai unguwa. Aka kwance karan a gabansu. Alhaji ya daɗe yana kallon zogalen.

“Wace ce?”

Fatsuma ta matso ta durƙusa. “Ni ce, Baba.”

“Matar Dalhatu. Ke ce a bakin ƙofa rannan.” Ya gyaɗa kai. “Don ɗiyarki kinka yi, an gaya mini. Ban ga laihin mai tsare ɗiya ba. Amma kin ɗaure mini hannu, ɗiyata. Abin da nake kare ku da shi wurin yaron ga, kin karɓe.”

Bashar ya ce shi a ganinsa a gama rani kowa ya kwashe nasa, a rufe maganar aro. Mai unguwa ya sa baki. Aka ja, aka sassauta. Alhaji ya ce abu ɗaya ya tsaya masa a rai, Labbo ya tako har Gusau da ƙafarsa ya ƙaryata kansa alhali yana iya binne abin. Saboda haka ba zai kore su ba. Amma daga hanya zuwa inda igiyar awo za ta tsaya, in an kwashe amfanin bana, Bashar ya kafa injinsa. Sauran kuma ba aron sai-baba-ta-gani ba ne kamar da, duk shekara sai an zo an sake roƙo.

Aka ja igiya. Ta cinye wurin Huseina gaba ɗaya, da na wasu mata biyu. Ta tsaya dab da fangalin farko na Fatsuma, ba ta taɓa mata ko kan albasa ɗaya ba.

Matasa suka tuge zogalen, aka loda a bayan motar Bashar don kada reshe ya saura, aka kafa ƙaya. Da baƙi suka tafi, ƙungiya ta taru a rumfa. Fatsuma ba ta jira an ba ta dama ba.

“Malam, a ba su wurina. Duka. Ni na jawo, ni ya kamata in fita.”

“Zauna, Fatsuma.”

“Don Allah, Malam. Ku bar ni in biya.”

“Ba ki da abin biya. Sharaɗi na uku mi ya ce? Abin da ya faru a lambu na ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba. Ran da saniyar Fulani ta karye a rijiyar Salisu, shi kaɗai ya ɗauka? Ran da Dalhatu ya rasu, ke kaɗai kinka ɗauka?” Ya dubi jama'a. “In an kwashe na bana, kowa zai matsa. Kowane gida shi ba da fangali ɗaya, a haɗa wa waɗanda igiya ta ci.”

Wani ya yi gunaguni daga baya cewa nasa dama bai isa ba. Wata tsohuwa ta yi tsaki. Amma da Malam ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambaya, kowa ya ce ya yarda, har mai gunagunin. Fatsuma tana jin kowane “na yarda” kamar ana ɗora mata dutse. Ta so a ce an kore ta. Da an kore ta, da ta san ta biya.

Haka aka yi. Da zafi ya shigo aka kwashe albasa, leburori suka zo suka share sashen sama, injin bulo ya fara ƙara tun safe har la'asar. Aka sake yanka lambun, kowa wurinsa ya tsuke. Huseina ta faɗo dab da Fatsuma, kunya ɗaya ce tsakaninsu. Ta yi kwanaki ba ta ce mata baiwata ba. Sannu, sannu kadai, shi ke nan.

Wata safiya suna shuka alayyafon ƙarshen rani, Fatsuma ta je ɗibar ruwa. A gindin sabuwar ƙayar, daidai inda na biyun nan ya karye, ta ga ɗan toho kore ya fasa ƙasa, ganye ƙanana jere a kan tsinke. Ta ajiye guga. Ta durƙusa ta zura hannu ta cikin ƙaya ta fara tono da yatsu. Ƙasar ta yi tauri, ƙaya na yagar mata damtse, saiwar kuwa ta yi nisa.

Inuwa ta faɗo kanta. Huseina ce, da fartanya a hannu. Ta tsaya tana kallon tohon, tana kallon jinin da ke hannun Fatsuma.

“Da kin gaya mini rannan,” ta ce, “da yanzu ina can wurina.”

“Na sani.”

“Ba ki sani ba. Wurin nan ne abu na farko da anka ce nawa ne tunda na baro Tsafe.”

Fatsuma ta sunkuyar da kai. Huseina ta ja dogon numfashi, ta tura ta gefe da gwiwa.

“Matsa, baiwata. Da farce za ki tone ta? Riƙe mini ƙayar.”

Fatsuma ta ɗage ƙayar da hannu biyu, Huseina ta shiga sara. Da saiwar ta fito, Huseina ta miƙa mata ta koma shukarta. Fatsuma ta duba hagu ta duba dama, ta kai hannu haɓar zaninta za ta ƙunshe, sai ta tsaya. Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta riƙe saiwar a fili, ta nufi wajen gulbi inda Malam Labbo ke jan jigo.